Ciyawar da ke kai maƙwabta gaban alƙali a Birtaniya

Duk wanda zai sayar da gida a Ingila ko Wales sai ya cike wata takarda mai tarin tambayoyi kafin ciniki ya faɗa. Ana tambayarsa iyakar filinsa, da ko yana da rigima da maƙwabta, da ko ambaliya ta taɓa shiga gidan. A cikin jerin akwai tambaya guda a kan ciyawa: shin wata ciyawa 'yar asalin Japan ta shafi gidan?

Amsa uku aka tanada: e, a'a, ko ban sani ba.

A shekarar 2018 wani mutum da ya sayar da gidansa a kudu maso yammacin Landan a kan fam 700,000 ya zaɓi a'a. Bayan mai saye ya tare, yana cikin gyaran lambu sai ya ci karo da ciyawar a bayan wani ƙurmin fure. Ya garzaya kotu.

A watan Janairun 2023 alƙali ya ƙi amincewa da bayanin mai sayarwar cewa bai san da ita ba, domin an ga alamun an taɓa yi mata feshi, kuma ta taɓa yin tsayin da ba za ta ɓoyu ga mai gida ba. Aka umarce shi ya biya diyyar fam 32,000. Da aka haɗa da kuɗin lauyoyin ɓangarorin biyu, jaridun ƙasar sun ce abin da ya hau kansa ya doshi fam 200,000.

Turawan Ingila na kiran ciyawar Japanese knotweed, Japanawa kuma suna ce mata itadori. Ba ta da ƙaya, ba ta da dafi, a wasu sassan Japan ma cin sabon tohonta ake yi. Amma a Birtaniya takan hana banki ba da bashin sayen gida, takan karya farashin gida, takan kuma haɗa maƙwabta shari'a.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, tsirowar ciyawar a filin mutum ba laifi ba ne. Doka na kama mai fili ne ta fuska uku: idan ya sani ya yi sakaci har ta tsallaka wa maƙwabci, idan ya watsa ta da hannunsa, ko idan ya ɓoye ta ga mai saye.

Daga lambar zinare zuwa jerin haramtattu

Wani likita Bajamushe mai suna Philipp Franz von Siebold ne ya kawo ta Turai. Ya yi aiki da 'yan Holland a sansanin kasuwancinsu na Dejima da ke Nagasaki a shekarun 1820, lokacin da Japan ta rufe ƙofarta ga kusan dukkan Turawa. Da ya koma, ya buɗe gandun renon tsirrai a birnin Leiden, yana sayar da tsirran Japan ga masu sha'awar lambu.

A 1847 wata ƙungiyar noma da lambu a Utrecht ta ba itadori lambar zinare a matsayin sabon tsiron ado da ya fi jan hankali a shekarar. A 1850 aka aika da ita lambun gwamnati na Kew a Landan. Daga nan masu sayar da tsirrai suka karɓa, ta shiga lambunan attajirai saboda tsayinta da kamar da take yi da gora.

Da ta fara cinye lambuna, sai masu ita suka riƙa tono ta suna zubarwa a bola da gefen hanya da bakin rafi. A 1886 aka fara rubuta ganinta ta tsiro da kanta a wajen lambu, a garin Maesteg na kudancin Wales. Aikin tono ƙasa na ma'adinai, da na layin dogo da tituna, ya ƙarasa sauran, domin duk inda aka kwashi ƙasa aka kai wani wuri, ana iya tafiya da guntun saiwarta.

Sai a 1981, bayan shekara 131 da isowarta Kew, majalisar dokokin Birtaniya ta sa ta cikin jerin tsirran da aka haramta watsawa. Yanzu tana cikin jerin baƙin halittu 100 mafiya ɓarna a duniya na ƙungiyar kare halittu ta IUCN. Wani bincike da cibiyar CABI ta yi wa gwamnati a 2010 ya ƙiyasta cewa tana jawo wa Birtaniya asarar kusan fam miliyan 166 duk shekara.

Me ya sa ba ta jin kisa?

Abin da ake gani a sama ba shi ne ciyawar ba. Da hunturu ya wuce, wajen Maris zuwa Afrilu, jajayen toho ke ɓullowa daga ƙasa. A tsakiyar bazara tana iya ƙara santimita 10 a rana, ta kai tsayin mita biyu zuwa uku. Kararta na da gaɓa-gaɓa da rami a ciki, ganyenta mai faɗi ne, a ƙarshen bazara kuma takan fitar da fararen furanni. Da sanyi ya sauko sai ta bushe, a ga busassun karare kawai, mai gida ya ɗauka ta mutu.

Ranta yana ƙasa. Saiwarta mai kauri ce, cikinta launin lemo, tana rarrafe a ƙarƙashin ƙasa tana tara abinci. Manomin da ya taɓa fama da kiri-kiri a gona ya san irin wannan hali: a sare sama, ƙasa ta sake turowa. Guntun saiwar da bai kai nauyin giram ɗaya ba na iya zama sabon tsiro, kuma saiwar na iya kwanciya shiru shekaru da dama, sai ranar da aka taɓa ƙasar ta farka.

A Japan tana cikin tsirran farko da ke kama gangaren duwatsu masu aman wuta, inda toka ke binne komai. Can ta saba da ajiye ƙarfinta a ƙasa. Can kuma akwai ƙwari da cututtukan ganye da ke rage mata kaifi, waɗanda ba su biyo ta Turai ba.

Binciken ƙwayoyin halitta da aka yi a Jami'ar Leicester ya nuna cewa ainihin nau'in da ya mamaye Birtaniya mace ce guda, wato duk daga tsiro ɗaya aka yi ta gutsurowa. Babu namijin da zai ba ta irin da zai haifi irinta. Wannan na da muhimmanci a shari'a: iska ba ta ɗauke ta zuwa gidan wani. Ko dai ta rarrafa ta ƙarƙashin katanga daga filin da ke kusa, ko ruwa ya kwaso guntunta, ko mutum ya kawo ta cikin ƙasa ko shara. Saboda haka sau da yawa ana iya bin sawunta a gano inda ta fito.

Abin da doka ta ɗora wa mai fili

Babu wata doka guda da ta tattara komai. Dokoki ne daban-daban, kowace da inda ta kama, kuma Scotland da Ireland ta Arewa na da nasu tsarin. A Ingila da Wales ga yadda abin yake.

Ta farko ita ce dokar kare namun daji da karkara ta 1981. Sashe na 14 ya haramta shuka ciyawar a dawa, ko yin abin da zai sa ta tsiro a can. Wanda ya tono ta daga bayan gidansa ya zubar a bakin rafi ya faɗa cikin wannan. Hukuncin tara ne ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu. Dokar ta haɗa da wasu baƙin tsirrai, irin su giant hogweed, 'yar asalin tsaunukan Caucasus, wadda ruwan jikinta ke ƙona fatar mutum idan rana ta taɓa wurin.

Ta biyu ita ce dokar kare muhalli ta 1990. A ƙarƙashinta, karan ciyawar da saiwarta da ƙasar da ta gauraya da su, da zarar za su bar filin, sun zama sharar da hukuma ke sa wa ido. Ba a zuba su a kwandon sharar gida ko na ganyen lambu. Sai mai kwasar shara mai rajista ya ɗauka, ya kai jujin da ke da lasisin karɓar irinta. Mai son binnewa a filinsa kuma, ƙa'idar hukumar muhalli ita ce zurfin mita biyar, ko mita biyu idan an naɗe ta da wata leda ta musamman da saiwa ba ta hudawa.

Ta uku ita ce dokar 2014 da aka yi domin masu takura wa jama'a a unguwa. Ba ta ambaci ciyawa ba, amma ta ɗauki ƙin yin abin da ya kamata a matsayin takura idan ya dame, ya kuma ɓata wa mazauna unguwa zamansu. Ƙaramar hukuma ko 'yan sanda kan fara da gargaɗi a rubuce. Idan mai fili ya yi kunnen uwar shegu, sai a ba shi takardar umarni. Saɓa wa umarnin laifi ne da tararsa ke kai fam 2,500 ga mutum, ta kamfani kuma ta fi haka nesa ba kusa ba. A ƙarshen 2018 hukumar birnin Bristol ta gurfanar da wani kamfanin gidaje da ya ƙi bin irin wannan umarni, kotu ta ci shi tarar fam 18,000.

Ta huɗu ta zo a 2015, inda aka ba hukumomin muhalli ikon neman yarjejeniya da mai fili a kan kawar da baƙon tsiro ko dabba. Idan ya ƙi, ko aka rasa mai filin, suna iya ba da umarni, su shiga su yi aikin.

A duk waɗannan babu inda aka tilasta wa mutum kai rahoton cewa yana da ciyawar, babu kuma inda aka ce dole ya cire ta muddin tana cikin iyakarsa ba ta dami kowa ba.

Tsohuwar dokar manoma

Kafin duk waɗannan akwai dokar ciyayi ta 1959, wadda damuwarta gona ce da makiyaya. Ciyayi biyar ta lissafa, kuma dukkansu 'yan ƙasa ne: ragwort mai rawayan fure, da masu ƙaya iri biyu da ake kira thistle, da masu faɗin ganye iri biyu da ake kira dock.

Ita ma ba ta haramta samun su a fili ba. Ta dai ba minista ikon aika wa wanda ke riƙe da filin takarda, ya hana su bazuwa cikin wa'adin da aka ɗibar masa. Idan bai yi ba ya aikata laifi, gwamnati kuma na iya tura ma'aikata su yi aikin ta karɓi kuɗinta daga wurinsa. Abin lura a nan shi ne nauyin yana kan mai amfani da filin, ko da haya ya kama. A Ingila hukumar Natural England ce ta riƙa karɓar ƙorafi, tana buƙatar mai ƙorafin ya fara yi wa maƙwabcinsa magana kafin ya zo gare ta.

Ragwort ce ta fi tayar da ƙura a cikin biyar ɗin, domin tana da gubar da ke lalata hantar dawaki da shanu sannu a hankali. Tana ɗanya dabbobi kan guje ta saboda ɗaci. Haɗarin ya fi yawa idan ta bushe cikin ciyawar da aka tanada wa dabbobi, domin ɗacin na gushewa, gubar kuma tana nan.

A 2003 aka yi mata doka ta musamman, wadda ta haifar da ƙa'idar aiki mai auna haɗari da tazara. Idan tana cikin mita 50 daga wurin kiwo ko gonar ciyawar dabbobi, haɗarin babba ne, a ɗauki mataki nan take. Daga mita 50 zuwa 100 matsakaici ne. Abin da ya wuce haka ƙarami ne, a ƙyale ta, domin ƙwari da yawa na rayuwa a kanta. Manufar ita ce a tsare dabbar maƙwabci, ba a shafe ciyawar daga ƙasa ba.

Shari'ar da ta sauya lissafi

Inda kuɗi masu yawa ke fita ba tarar gwamnati ba ce, ƙarar maƙwabci ce. Kuma a da kotunan Ingila ba su saurari irin wannan ƙara ba.

A 1890 wani manomi ya kai maƙwabcinsa ƙara saboda ya nome wani tsohon daji, ƙaya ta tsiro a wurin, iska ta kwashi irinta ta cika masa gona. Alƙalai suka ce babu wani haƙƙi tsakanin maƙwabta da ya wajabta sare ƙayar da ƙasa ta fitar da kanta.

Kusan shekara 90 bayan haka wannan ra'ayi ya faɗi. Wani tudu mallakar ƙungiyar National Trust a yankin Somerset ya riƙa zaftarewa kan gidajen da ke gindinsa, alhali an sanar da ƙungiyar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce mai fili da ya san akwai haɗari a filinsa, ko da ba shi ya haddasa ba, wajibi ne ya yi abin da hankali zai ɗauka, gwargwadon ƙarfinsa, don kada ya cuci na kusa.

A kan wannan tushe aka gina shari'ar da ta fi shahara a kan itadori, kuma daga Maesteg ta fito, garin da aka fara ganin ciyawar a waje. Wasu maƙwabta biyu na da gidaje a jikin tudun layin dogo mallakar kamfanin Network Rail, wanda ke kula da layukan jiragen ƙasa na Birtaniya. Ciyawar ta shafe aƙalla shekara 50 a kan tudun, saiwarta kuma ta shiga ƙarƙashin filayensu.

Sun kai ƙara a 2015. A Fabrairun 2017 kotun Cardiff ta ce tun daga 2012, lokacin da ƙungiyoyin ƙwararru suka wallafa bayanai a kan haɗarin ciyawar ga gidaje, ya kamata kamfanin ya san da matsalar, a 2013 kuma an kai masa ƙorafi ƙarara. Feshin da ya yi jefi-jefi bai wadatar ba. Kowannensu ya samu kusan fam 15,000: fam 4,320 na magani, kimanin fam 10,000 na faɗuwar darajar gida, da 'yan ƙananan kuɗaɗe.

Kamfanin ya ɗaukaka ƙara, yana cewa ko tsaga ɗaya ciyawar ba ta yi wa gidajen ba. A Yulin 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin, amma ta gyara dalilinsa. Ta ce faɗuwar farashi kaɗai, saboda ana hango ciyawar a filin maƙwabci, ba ta isa hujja ba. Amma da zarar saiwar ta shigo filin mutum, ta ɗora masa nauyi: ba zai iya gini ko tono yadda yake so ba sai da ƙarin wahala da kuɗi. Wannan tauye masa amfani da filinsa ne, ko da bango bai tsage ba.

Hukuncin ya buɗe ƙofa. Ƙananan hukumomi da kamfanonin gidaje da masu manyan filaye suka fara samun wasiƙun lauyoyi.

Kotun Ƙoli ta shata iyaka

Ɗaya daga cikin waɗannan ƙararraki ta fito daga ƙauyen Nant-y-moel, shi ma a kudancin Wales. Wani mutum ya sayi gida a 2004 kusa da tsohon layin dogo da ƙaramar hukumar Bridgend ta mayar hanyar masu keke. Ciyawar ta riga ta shiga filin gidan tun kafin ya saya.

Kotu ta gano cewa hukumar ta yi sakaci daga 2013, lokacin da ya kamata ta san haɗarin, zuwa 2018 da ta fara magani na kirki. A Fabrairun 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba mutumin fam 4,900 na ragowar faɗuwar daraja, wato tabon da ke bin gida ko bayan an yi magani.

Hukumar ta wuce Kotun Ƙoli. A ranar 8 ga Mayun 2024 alƙalai suka soke diyyar baki ɗaya. Tambayar da suka yi mai sauƙi ce: da hukumar ta fara magani tun 2013, da darajar gidan ta tsira? Amsar ita ce a'a, domin ciyawar ta shiga tun shekaru kafin nan, darajar kuma ta riga ta faɗi. Sakacin hukumar gaskiya ne, amma ba shi ya jawo wannan asarar ba.

Tun daga nan kwanan wata ya zama ƙashin bayan irin wannan shari'a. Mai ƙara sai ya nuna yaushe ciyawar ta tsallako, yaushe mai filin ya sani ko ya kamata ya sani, da kuma wace asara ce ta faru bayan nan.

Da gaske tana rusa gini?

An daɗe ana yayata cewa itadori na huda kankare tana rusa harsashin gida. A 2012 ƙungiyar RICS ta masu duba gine-gine da ƙiyasta darajarsu ta fitar da ma'aunin da aka fi sani da dokar mita bakwai, bisa fahimtar cewa saiwar na iya tafiyar mita bakwai daga inda ake ganin ganye. Bankuna suka riƙe ma'aunin gam. Gidan da ciyawar ke cikin wannan tazara, ko da a filin wani take, wasu bankuna kan ƙi ba da bashi a kansa, wasu kuma sai an kawo shirin magani daga ƙwararren kamfani, mai garantin shekaru da inshora ta tsaya wa.

A 2018 masu bincike daga Jami'ar Leeds da kamfanin injiniyoyi na AECOM suka duba maganar. Sun tattara bayanan masu aikin kawar da ciyawar da masu duba gini, suka kuma bincika gidaje 68 da take cikinsu. Ba su ga shaidar cewa tana yi wa gini mai ƙwari babbar illa ba. Bishiyoyi da tsirrai masu hawa bango sun fi ta ɓarna. Saiwar kuma da wuya ta wuce mita huɗu.

Inda take ta'adi shi ne wurin da ya riga ya raunana: tsohuwar katanga, daɓen da ya fashe, kwaltar da ta tsage, bututun ruwa da ya huje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A 2019 kwamitin kimiyya da fasaha na majalisar wakilan Birtaniya ya ce tsoron da ake yi ya wuce kima, kuma ma'aunin mita bakwai ba shi da ƙwaƙƙwarar hujja. A Maris 2022 RICS ta fara aiki da sabon tsari. Yanzu mai duba gida na tambayar ko ciyawar na ɓata gini, ko tana hana amfani da lambu, ko tana nan kawai ba ta hana komai ba. Idan a filin maƙwabci take, tazarar da ake dubawa ta koma mita uku.

Sai dai kasuwa ba ta saurin mantuwa. Mai saye da ke da zaɓi tsakanin gida biyu zai fi karkata ga wanda ba a taɓa ambaton ciyawar a takardunsa ba. Shi ya sa tambayar nan ta takardar sayar da gida, wadda ƙungiyar lauyoyi ta Ingila da Wales ta shigar a 2013, take da nauyi. Bayanin da aka ƙara mata a 2020 ya ce kada mutum ya amsa a'a sai ya tabbata babu saiwar a filinsa ko cikin mita uku daga iyakarsa, ko da ba a ganin ganye a sama. Tabbacin abin da ke cikin ƙasa abu ne mai wuya, don haka lauyoyi da yawa kan shawarci mai sayarwa ya ce bai sani ba, matuƙar gaskiyarsa ke nan.

Magani na cin shekaru

Sanin wajibi daban, sauke shi daban. Masu bincike a Jami'ar Swansea, birnin da ciyawar ta addaba ƙwarai, sun gwada hanyoyi 19 na tsawon shekara uku, suka wallafa sakamakon a 2018. Babu hanya ɗaya da ta kashe ta ƙurmus. Wadda ta fi tasiri ita ce feshin gilaifoset a lokacin da ya dace, musamman daga ƙarshen bazara zuwa kaka, sa'ad da tsiron ke sauke abinci zuwa saiwa, sai ya tafi da maganin. Sara da yanka ba su hana ta komai ba, suna ma iya watsa ta.

Shawarar gwamnati ita ce magani kan ɗauki aƙalla shekara uku. Feshi kusa da rafi ko kogi sai da amincewar hukumar muhalli. Mai gaggawa, kamar kamfanin da ke son fara gini, yakan tone ƙasar gaba ɗaya, wanda shi ne mafi tsada saboda kuɗin kwasa da na juji.

An kuma gwada kawo mata abokin gaba daga gida. A 2010 aka saki wani ɗan ƙwaro mai tsotson ruwan ganye da aka ɗauko daga Japan, karo na farko da aka yi amfani da ƙwaro wajen yaƙar ciyawa a Tarayyar Turai. Ƙwaron bai yi yawan da ake fata ba a yanayin Birtaniya.

Abin da shari'un nan suka nuna shi ne kotu ba ta neman mai fili ya yi abin da ya gagari masana. Tana neman ya motsa daga ranar da ya sani: ya kira ƙwararre, ya fara shirin magani mai ɗorewa, ya ajiye takardunsa. Wanda ciyawar ke tunkaro wa daga filin wani kuma, matakinsa na farko shi ne ya rubuta wa mai filin wasiƙa mai kwanan wata, ya ɗauki hotuna, domin daga wannan rana babu sauran cewa ban sani ba.

Tunda saiwar ba ta san katanga ba, maganin ɓangare ɗaya ba ya ɗorewa. Idan an fesa nan aka bar can, za ta dawo. Shi ya sa masu aikin ke ba da shawarar maƙwabta su haɗa kai su yi shiri guda, su raba kuɗin. Hanyar shari'a doguwa ce: ƙarar Bridgend, wadda diyyarta ba ta kai fam 5,000 ba, ta bi matakan kotu huɗu kafin ta ƙare, mai ƙarar kuma ya tashi a tutar babu.